Sista Mai Kai Gawa

Ɗazu da nake shigowa na ji ɗayarku, waccan mai jan gyale da ke ɓoye fuska yanzu, tana cewa ita dai Allah Ya kai ta matsayin incaji ta huta, ta samu kujera mai juyawa da makullan sito, ta riƙa aiken mutane. To amin, 'yar nan, Allah Ya kai ki. Amma tunda malaminku ya ɗauko ni daga gida ya raba ni da barcin hantsina don in yi muku bayanin shugabancin ɗakin yara, sai ku gyara zama. Ni Kulu na riƙe wannan muƙami har furfura ta cim mini a cikinsa, kuma kujerar da na samu ƙafarta uku ce, bulo ne cikon ta huɗun. Sunan da na fita da shi kuwa, wanda har gobe in kun ambace shi a tashar jirgi za a nuna muku gidana, shi ne Sista Mai Kai Gawa. Na ga kun zaro ido. Ma'aikaciyar jinya da irin wannan suna, ai ko ni ba zan kai mata ɗana ba. Ku bari ku ji yadda aka yi.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin yara dafa sirinji ne. A lokacin na gilashi ne, ba irin naku na roba da ake yi wa amfani ɗaya a jefar ba. Ki kunna risho, ki jera su a tukunya, ki tsaya a kansu har su tafasa, in ɗaya ya fashe kuma ki shirya kunnuwanki. Wadda ta koya min aiki Sista Rahila ce, wata mutuniyar Zuru mai muryar da ke tayar da majinyatan ɗakin maza daga inda take tsaye. Ita ta nuna min yadda ake neman jijiya a kan jaririn da gudawa ta tsotse: a aske ɗan wuri a gefen kai, a jira ya yi kuka jijiyar ta taso, sannan a shiga a hankali. Na ɓata mata allurai da yawa kafin hannuna ya faɗa, ita ma ta ɓata min suna da yawa. Amma babban karatun da ta ba ni ba na allura ba ne. Ta ce, "Kulu, in an kawo yaro kada ki dubi wadda ta goyo shi. Dubi wadda ke biye da ita riƙe da tabarma da kwanon abinci. Wannan tsohuwar ita ce mai yaro. In kin shirya da ita kin yi aiki, in ba ki shirya da ita ba ki je ki ci gaba da dafa sirinjinki."

Da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, an sha kiɗa an sha rawa, sannan aka zauna rabon ma'aikata. 'Yan can suka tattara suka koma can, manyanmu kuma aka kira su Birnin Kebbi su cika sababbin ofisoshi. Sista Rahila na cikin waɗanda aka kira. Ranar da za ta tafi ta danƙa min makullai ta ce, "Ga sito. Babu komai a ciki, amma ki riƙa kullewa saboda mutunci." Haka na zama incajin ɗakin yara a wani asibiti na bakin ruwa a ƙasar Yauri, wanda ba zan faɗi sunansa ba don masu shi na nan da ransu. Ba wanda ya gwada ni ya ga na cancanta. Waiwayawa aka yi aka ga ni kaɗai ce a tsaye.

Kayan aikin da na gada ba su da wuyar ƙirgawa. Akwai tukunyar iskar shaƙa, doguwa baƙa, wadda rabonta da iska tun Sakkwato na babban birninmu, da ita muke tokare ƙofa. Akwai sikelin rataye yara, wanda iyaye mata ke cewa irin na masu sayen kifi ne, wata ma ta taɓa tambayata nawa kilo. Akwai firji mai aiki da kananzir inda ake ajiye allurar rigakafi, kuma wallahi na kula da lagwanin wannan firji fiye da yadda na kula da maigidana, shi da kansa ya faɗa a gaban mutane. Likita ɗaya ne tilo a asibitin gaba ɗaya, daga ɗakin haihuwa har ɗakin tiyata, in kin gan shi ki yi sauri ki faɗi damuwarki kafin ya ɓace. Sai kuma abin alfaharinmu, jirgin ruwa fari mai inji da sabuwar gwamnati ta bayar don kai rigakafi tsibirai. Direbansa Malam Garba, ya fi goge shi a kan tuƙa shi. Ni kuwa ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. A Yelwa aka haife ni, kogi na ganin gidanmu, amma tsoron ruwa nake kamar kaza. In zagayen rigakafi ya zo sai in tura na ƙasa da ni. Wannan kam, 'yar jan gyale, yana cikin daɗin zama incaji, ban hana ki shi ba.

Masu zuwa mana kala-kala ne. Matan 'yan kasuwar cikin gari, in ba ki yi wa yaro allura ba ko mura ce, to ba ki iya aiki ba. Ma'aikatan albashi su zo da sunan magani a baki, ki rubuta musu kawai. Duk waɗannan ba su dame ni ba, ihu suke yi in yi musu wanda ya fi nasu. Waɗanda suka hana ni sakat su ne masunta, mutanen tungaye da tsibiran tafkin da ya taru bayan an toshe kogi. Tsibiri a nan gungu muke ce masa. Ba su da hayaniya, ba sa musu, duk abin da kika ce sai su ce to. Ranar kasuwa jirgi ke kawo su, ranar kasuwa kuma jirgi ke mayar da su. To ki zagaya ɗaki ranar kasuwa da la'asar ki ga abin haushi. Gado wayam, robar ƙarin ruwa na lilo tana ɗiga a ƙasa, ba yaro ba tabarma. Abin da ya fi ƙona min rai, ba masu sauƙi ke guduwa ba. Wanda ya fara warwarewa yana nan, uwarsa na ƙorafin kunun asibiti ba sukari. Wanda ke tsakanin rai da mutuwa, wanda kwana ɗaya ko biyu na allura za su iya juyo da shi, shi ake saɓawa a tafi.

Na sa maigadi a ƙofa, suka riƙa miƙa yara ta kan katanga cikin kwandon kifi. Na yi wa'azi, na yi zagi, har a yarensu na Gunganci na koyi kalmomin zagi biyu-uku don abin ya shiga da kyau. Wadda na kama a bakin ƙofa na tambaye ta dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mun gode, Sista, za mu gwada na gida." Ni kuma na ɗauka na gidan ne da gaske.

Sai shekarar baƙon dauro ta zo, ciwon nan da wasunku suka fi sani da ƙyanda. Ku yanzu a littafi kuke ganinsa. Mu mun gan shi bibbiyu a gado ɗaya, wasu a tabarma a baranda har bakin famfo. Ki wanke idon da ya liƙe, ki shafa shuɗin magani a bakin da ya kwaile, ki matsa ƙwayar bitamin a harshe, ki ɗura kunu da cokali ana furzo miki a fuska. Wanda ciwon ya saukar wa a ƙirji kuma sai allura a kan kari, ana yi kina faɗa da tsofaffi masu cewa baƙo ba ya son ƙarfe. Hannuwana sun yi wata da watanni shuɗaye, har a gidan biki aka tambaye ni ko na koma rini.

Cikin wannan hali aka kawo Dije daga wani gungu da zan kira Gungun Kanya. Ba a daɗe da yaye ta ba. Uwarta Hansatu ce ta goyo ta, yarinya mai kunya da ban taɓa jin muryarta sosai ba, uban kuma ya bi kifi can wajen Warra. Na tuna karatun Sista Rahila na dubi bayan uwar. Ga ta nan tafe da tabarma da kwano: Inna Gado, kakar Dije ta wajen uba, doguwa busasshiya, garin taba a leɓe, ƙamshin bandar kifi na riga ta shiga ɗaki. Likitanmu ma "yaron ga" take ce masa. Ciwon Dije ya riga ya sauka a ƙirji, tana numfashi haƙarƙari na shiga yana fita. Na samu jijiya da ƙyar, muka fara allura. Kwanakin farko ba ta ci gaba ba, ba ta kuma ja baya ba, har kasuwa ta zagayo.

Ranar na ƙi matsawa daga ɗakin. Da azahar ta gota na ga Inna Gado ta fara naɗe tabarma a hankali, kamar mai gyaran wuri. Na je na taka bakin tabarmar da takalmina.

"Inna, ina zuwa?"

"Gida."

"Da wa?"

"Da abina."

"In kika cire mata robar nan ba za ta kai gobe ba."

"In na bar ta, tana kaiwa?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce ban sani ba, amma nan ne kawai take da dama. Tsohuwa ta tofar da tabarta ta taga, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ke 'yar birni, kina ganin ba mu da hankali ko? Dubi ɗiyar ga da kyau. In ta cika nan, wa ka ɗaukar min ita? Jirgin kasuwa ba shi ɗaukar gawa cikin mutane da buhunnan gero. Shata kuwa, ko tarun ubanta munka saida ba mu iya ta. Sai ku ba wasu ƙattin da ba su san sunanta ba su kai ta bayan garinku, ubanta shi dawo shi tambaye ni ina take in ce ban sani ba. Yanzu da ranta goyo ce, ba mai tambayata komai a jirgi."

Ta ci gaba.

"Kabarin innata na ƙarƙashin ruwan ga. Na ɗiyana biyu na ƙarƙashin ruwan ga, tun da anka toshe kogi ruwa ya ci tsohon garinmu. Kullum bisa kansu nike wucewa, ban san daidai ina ba. Ba ni ƙara ɓatar da wata."

Kun ji abin da na kwashe shekaru ina sa maigadi a kansa. Ashe mutanen nan ba magani suke gudu ba. Jirgi suke bi tun yaron na cikin waɗanda ake ɗauka.

To ni bakina ya saba riga kaina isa wuri. Kafin in yi tunani na ji ina cewa, "Inna, bar min ita. In ta tashi kin samu jika. In Allah Ya karɓi abinSa, ni da kaina zan kai miki ita har Gungun Kanya a jirgin gwamnati."

"Ke?" Ta kusa yin dariya. "Ke da anka ce ko kwalbati ba ki ƙetarewa in an yi ruwan sama?"

Ashe labarin tsorona har tsibirai ya kai. Na ce ni ɗin dai. Ta ce in rantse, na rantse a gaban duk matan ɗakin, waɗanda suka bar abin da suke yi suna kallonmu. Sai ta warware tabarmarta ta zauna. Muna ji daga nan injinan jiragen kasuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Duk abin da na iya na yi wa yarinyar nan. Na janyo likita da rigarsa daga ƙofar tiyata ya zo ya duba, ya canza allura. Na zauna na riƙa ɗiga mata ruwa a baki. Kashegari da hantsi Dije ta cika. Na ji zafin mutuwar nan ƙwarai, kuma na ji tsoro, don na san abin da ke gabana. Hansatu ta kifa kai a gado tana kuka marar sauti. Inna Gado ba ta yi kuka ba. Ta naɗe jikarta a zanenta mai kyau, ta naɗe tabarma, ta ɗauki kwano, ta zo ta tsaya gaban kujerata mai ƙafa uku.

Ta ce, "To."

Wanda ke da ikon ba da jirgi shi ne shugaban sashen lafiya, shi kuwa yana Birnin Kebbi yana bin sawun wani muƙami, kamar kowa a wancan zamani. Saboda haka na wuce kai tsaye bakin ruwa. Na tarar da Malam Garba yana goge jirgi da tsumma. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya ja da baya.

"Sista, ranki shi daɗe, jirgin rigakafi ne. An ma rubuta a jikinsa."

"Yaushe ka fara karatun boko?"

"An karanta min."

"Madalla. Wanda ya karanta maka, ya karanta maka inda aka rubuta a riƙa kai buhunan shinkafa daga Shanga ran Lahadi?"

Ya dubi tsumman hannunsa, ya dubi sama, ya ce ai man da ke ciki zai isa zuwa da dawowa. Ku rubuta wannan in kuna rubutu: shugaba ya san ƙananan sace-sacen mutanensa, ya kuma yi shiru da su sai ranar da yake da buƙata. Na koma na ɗauko kular da muke zuba allurar rigakafi, babu komai a cikinta, na ɗora ta a gaban jirgi yadda duk mai gani daga tasha zai ce aikin gwamnati za a je.

Shigata jirgin nan ba abin da zan so jikokina su gani ba ne. Mutum biyu suka riƙe ni. Da inji ya tashi sai na zame daga benci na zauna a ƙasan jirgi, farin kayana cikin ruwan da ya taru, na rungume kular nan ina karanta duk surar da na haddace har da waɗanda ban haddace ba. Da muka fita fili, inda ba ka ganin gaɓa ko ta ina, amai ya taso min. Kular gwamnati ta yi amfani a ranar, amma ba irin wanda aka saye ta dominsa ba. Inna Gado na zaune a miƙe, gawar jikarta a cinya, ko kallona ba ta yi.

Can tsakiyar tafki akwai inda kawunan matattun itatuwa ke leƙowa daga ruwa. Da muka kusa, tsohuwa ta ƙwanƙwasa gefen jirgi da yatsa. Malam Garba, wanda shi ma ɗan ruwa ne, ya rage inji ba tare da an ce masa komai ba. Ta leƙa ruwan ta yi sallama, irin wadda ake yi in an shiga gida, ta yi addu'a a taƙaice. Sannan ta ce, ba ni take wa magana ba, "Nan ne, ko kusa da nan." Muka wuce.

A Gungun Kanya maza suka karɓi gawa, aka yi mata sutura, aka sallace ta, aka kai ta bayan gari ƙarƙashin itatuwan da ake gani daga ƙofar gidansu. Ni aka shimfiɗa min tabarma aka ba ni ruwa a ƙwarya. Ba wanda ya ce min na gode, ba kuma wanda ya zage ni. Yara na leƙena daga bayan zana, cikinsu har da wan Dije, wani ɗan tulele mai suna Nomau, yana tsalle lafiyarsa lau. Na ce wa matan da ke kusa, duk yaron da ya fara zazzaɓi da jan ido a kawo shi da wuri, kada a jira ƙuraje. Suka ce to, irin to ɗin da na saba ji. Muka juyo, na sake rungumar kulata.

Kafin mu iso labari ya riga mu. 'Yan tasha suka raɗa min sunan nan suna dariya. Shugaban lafiya da ya dawo ya kira ni ya tambayi dalilin fitar jirgi, na ce duba wuraren rigakafi muka je. Ya ce a kawo kular ya gani. Ya buɗe, ya rufe da sauri, bai sake tayar da maganar ba. Likitanmu kuwa ya tsaya, abin da ba ya yi, ya ce, "Sista Kulu, kin kashe ɗakin nan. Kin riƙe yarinya ta mutu a hannunki, kin kuma kai ta gida da kanki kowa ya gani. Wa zai sake kawo miki ɗansa?" Ni ma abin da nake tunani ke nan.

Kasuwar da ta biyo baya, ina tsugune ina gyaran lagwanin firji, sai na ji ƙamshin bandar kifi. Na ɗago. Inna Gado ce, ita da kanta ta goyo Nomau, Hansatu na biye da tabarma. Jikinsa zafi rau, ido ja, ƙuraje kuwa sai 'yan kaɗan a bayan kunne. Tunda nake ban taɓa ganin mutumin gungu ya kawo yaro da wuri haka ba. A bayansu ga wasu mata daga garin nasu, kowace da nata. Tsohuwa ta kwance goyo ta dire min shi a kan tebur.

"Ga shi. Tunda kin san hanya."

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi daidai. Duk da an kawo shi da wuri, ciwon ya saukar wa Nomau a ƙirji kamar ƙanwarsa, kuma ranar da ya fi tsanani ta faɗo daidai ranar kasuwa. Numfashin iri ɗaya, har gadon ma kusa da wanda ta kwanta. Na yi masa allura. Da azahar ta gota idona na kan tabarmar Inna Gado. Ta riga ta gwada ni sau ɗaya, abin da ta samu kuma gawa ce. In ta naɗe tabarmar nan yau ba ni da bakin hana ta, yaron kuma ba zai kai tsakiyar tafki ba.

'Yan kamasho suka fara kiran fasinja daga tasha. Tsohuwa na zaune tana murza tabarta a tafin hannu. Sai wata mata a gadon ƙarshe, daga wata tunga daban, ta miƙe a sace ta kai hannu kan robar ɗanta. Kafin in buɗe baki Inna Gado ta riga ni.

"Ke, zamna. Mi kike gudu? In ya mutu waccan gajeruwar na kai maki shi har gida. Amai takai duk hanya, amma tana kaiwa."

Ɗaki ya fashe da dariya, har da uwayen da rabonsu da dariya an kwana biyu. Matar ta koma ta zauna. Jirage suka tashi, tabarmar Inna Gado na nan shimfiɗe. Abin da maigadi da katanga da zagin Gunganci suka kasa, tsohuwar nan ta yi shi da tona min asiri.

Na sake shiga jirgin nan a shekarar, ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa sabawa ba. Malam Garba ya daina musu, in ya hango ni da kula sai ya fara kwance igiya. Amma gadaje sun daina zama wayam ranar kasuwa. Yaran da a da ake saɓawa a gudu da su suka riƙa samun kwanakin nan da suke buƙata, kuma waɗanda suka koma gida a goye suna kukan yunwa sun fi waɗanda na raka yawa nesa ba kusa ba. Ba a koyar da wannan a makarantarku, na sani. Malaminku ma ga shi can yana murmushin dole, yana tunanin me ya sa ya gayyato ni. Ban ce ku je ku saci jirgin gwamnati ba. Na ce dai in mutane na guje muku, ku taka bakin tabarmar ɗaya daga cikinsu ku tsaya har ta faɗa muku abin da take tsoro.

Nomau dai, wata safiya na kawo masa kunu ya kaɗe kofin ya wanke min gaban riga, ya ce shi kifi zai ci. Duk wanda ya yi aikin yara ya san ma'anar wannan. Na bar shi ya ƙara kwanaki ya yi ƙwari, ranar kasuwa na sallame su. Inna Gado ta naɗe tabarma a gabana, wannan karon ban taka ba. Ta ɗaure yaro a bayanta, ta tsaya.

"To ina jirgin?"

Na ce, "Wane jirgi, Inna? Nawa na gawa ne. Mai rai ya je tasha ya bi layi kamar kowa."

Ta yi dariya har na ga sauran haƙoranta, karo na farko tunda na san ta. Na raka su bakin ƙofa, iyakata ke nan, don daga nan ana hango ruwa. Ta yi 'yan taku, sannan ta juyo, Nomau na leƙowa ta kafaɗarta da guntun kifi a hannu. Ta kama hannuna mai shuɗi ta riƙe da nata biyu.

"Ɗiyata," in ji ta, "Allah Shi sa kada ki sake zuwa garinmu."

An yi min addu'o'i da yawa a aikin nan, har da ta ranar da na yi ritaya da aka ɗauko malamai da lasifika. Babu wadda na amsa da ƙarfi kamar wannan. Na ce amin, Inna. Kuma Allah Ya karɓa, ban sake taka Gungun Kanya ba.